Hadda da Mantuwa: Yadda Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam Ke Riƙe Abu

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), ɗalibai da dama suna kawo mana kuka iri ɗaya: sun haddace shafi da daddare, gari ya waye rabinsa ya zube. Wasu har sukan yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da kai, su ajiye karatun. Don haka muka ga ya dace mu bayyana abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano a kan tunawa da mantuwa.

Matakan tunawa

Masana sun kasa aikin tunawa gida uku: shigar da abu cikin ƙwaƙwalwa, ajiye shi, da fito da shi idan an buƙata. Wanda ya saurari darasi hankalinsa na kan waya bai manta ba, tun farko abin bai shiga ba.

Ajiyar ma iri biyu ce. Akwai riƙon ɗan lokaci, kamar lambar wayar da aka faɗa maka kana neman alƙalami. Idan ba ka nanata ta ba, cikin daƙiƙoƙi take ɓacewa. A 1956 George Miller na Amurka ya nuna cewa wannan riƙon ba ya ɗaukar fiye da abu bakwai ko kusa da haka a lokaci guda, binciken baya ma ya rage adadin zuwa wajen huɗu. Sai kuma ajiya mai ɗorewa, wadda ke riƙe abu shekara da shekaru.

Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas shi ne ke taimakawa sabon abu ya ƙetara zuwa ajiya mai ɗorewa. An gane haka daga Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a Amurka a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan wannan sashe ta ɓangarori biyu. Bai manta yarintarsa ba, amma har ya rasu a 2008 ba ya iya riƙe sabon abin da ya faru da shi. Bincike ya kuma tabbatar da cewa barci yana ƙarfafa wannan ƙetarawa, saboda haka ɗalibin da ya kwana ido biyu kan darasi ya cuci haddarsa.

Saurin mantuwa

Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajinsa a 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, yana auna abin da ya rage masa. Bayan awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, daga nan zubewar ta lafa. Ashe mantuwa ta fi ƙarfi a sa'o'in farko, kuma kowa haka yake. Abin da aka fahimci ma'anarsa ya fi irin waɗannan gaɓoɓi daɗewa.

Abu biyu ke rage wannan asara. Na ɗaya, rarraba bita: maimaici goma cikin kwanaki da dama ya fi maimaici goma a zama ɗaya. Na biyu, rufe littafi a janyo abin da ka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa ɗaliban da suka gwada kansu sun fi waɗanda suka yi ta maimaita dubawa tunawa bayan mako ɗaya. Tsarin tsangaya ya daɗe a kan wannan hanya: almajiri ya ɗauki ɗan kaɗan a allo, ya biya wa malam da ka kafin ya wanke, sannan ya riƙa tilawar na baya.

Tunawa tana iya kuskure

Ƙwaƙwalwa ba ta aiki kamar rakoda. Duk lokacin da mutum ya tuno abu, sake harhaɗa shi yake yi, kuma abin da ya ji daga baya yana iya shiga ciki. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane fim ɗin hatsarin mota. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nuna mummunan karo sun ƙiyasta gudu mafi yawa, kuma bayan mako ɗaya sun fi sauran cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin.

Malaman hadisi sun lura da wannan rauni tun da daɗewa. Ba su wadatu da gaskiyar mai ruwaya ba sai sun auna kiyayewarsa, suka bambanta kiyayewar ƙirji da ta littafi, suka kuma ware ruwayoyin wanda haddarsa ta rikice a ƙarshen rayuwarsa. Mutum yana iya zama mai gaskiya kuma ya yi kuskure. Wannan jan kunne ne ga mai ba da shaida da mai isar da maganar malamai: ya rubuta da wuri, ya koma ga rubutun kafin ya faɗa.

Nasiharmu ga ɗalibai ita ce su ɗauki kaɗan, su fahimci ma'ana, su yi bita a ranar da kashegari da bayan mako, su biya wa wani da ka, su kuma samu isasshen barci. Wanda kuwa mantuwa ta fara hana shi gane hanyar gida ko iyalinsa, a kai shi asibiti.

Allah ne mafi sani.