Paul Wittgenstein: Makaɗin Fiyano Mai Hannu Ɗaya

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan muka dubi tarihin Paul Wittgenstein, makaɗin fiyano ɗan ƙasar Ostiriya, za mu ga inda wannan magana ta kama da kuma inda ta gaza.

An haife shi a birnin Biyana a shekarar 1887, a gidan wani attajiri mai masana'antun ƙarfe. Ƙanensa Ludwig shi ne masanin falsafar nan da ya shahara. Paul ya fara kiɗa a bainar jama'a a 1913. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka harbe shi a gwiwar hannun dama, sojojin Rasha suka kama shi, aka yanke hannun. Yana tsare a garin Omsk na Siberiya ya ƙudurta cewa ba zai bar sana'arsa ba. Ya zana siffar fiyano a jikin akwatin katako, ya riƙa horar da yatsun hagunsa a kai.

Da ya koma gida, sai ya tarar kiɗan da aka tsara domin hannun hagu kaɗai ƙalilan ne. Saboda haka ya yi amfani da dukiyar gidansu ya biya manyan matsara kiɗa na zamaninsa, irin su Richard Strauss da Sergei Prokofiev da Benjamin Britten da Maurice Ravel, su tsara masa. Aikin Ravel, wanda Wittgenstein ya fara gabatarwa a Biyana a 1932, shi ne ya fi fice, duk da cewa sun yi saɓani saboda gyare-gyaren da ya yi masa ba da izinin mai shi ba.

Sai dai ba za mu ɓoye wani aibu nasa ba. Ya ɗauki waɗannan ayyuka tamkar kayan gadonsa, yana hana kowa taɓa su. Na Prokofiev bai taɓa kaɗa shi ba. Na Paul Hindemith kuwa, wanda aka tsara a 1923, ya kulle shi, ba a ji shi ba sai a 2004, lokacin da Leon Fleisher, wanda shi ma hannunsa na dama ya daɗe da lalura, ya kaɗa shi a Barlin.

A 1938 ya bar Ostiriya saboda mulkin 'yan Nazi, ya koma Amurka, inda ya rasu a 1961. Kiɗan da ya sa aka tsara shi ne madogarar duk makaɗin da ya rasa amfanin hannunsa na dama a yau.