Yadda Ake Gano Dalilin Misin a Tsohuwar Mota Kafin a Sayi Kaya



Da wuya a sami ɗan uwa mazaunin Guangzhou da ba a taɓa bugo masa waya daga gida an ce, "Yaya, motata tana misin, a sako mini koyil da injekta a cikin kaya" ba. Sai a je kasuwar kayan mota ta titin Guangyuan a saya, a sa a kwantena, bayan wata biyu a ɗaura, amma mota ta ci gaba da rawa. Ba laifin kayan ba ne, an sayi magani ne ba a san ciwon ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan bayani domin amfanin 'yan uwa.

A nan gundumar Huangpu inda nake zaune, kamfanin Guangzhou Peugeot da aka kafa a 1985 ya harhaɗa Fijo 505 da 504 a-kori-kura, irin waɗanda PAN ta yi a Kaduna. A 1998 Honda ta gaji masana'antar, ta fara fitar da Accord a 1999. Tsofaffin motocinmu na gida ma kashi biyu ne kamar haka: masu kafireto irin tsohuwar Fijo, da masu injekta da kwamfuta irin Accord. Hanyar binciken duka ɗaya ce.

Mene ne misin?

Kowace silinda tana bukatar abu uku kafin ta yi aiki: wuta daga fulogi, haɗin mai da iska daidai gwargwado, da matsi, wato kwamfireshan. Idan ɗaya ya gaza sai man ya ƙi ƙonewa, inji ya yi ta girgiza a silo, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Ɗanyen man da ya wuce salansa kuma yana ƙona katalis, abin da makanikai ke kira indomi. Don haka idan fitilar inji tana ƙyaftawa, a daina tuƙa motar.

1. A gano silindar

Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, don haka yawancin motoci 'yan kwatano suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. A jona sikana. P0301 na nufin silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har zuwa ƙarshe. P0300 kuwa na nufin misin ɗin bai tsaya a silinda ɗaya ba. Idan mai kafireto ce, a bar ta a silo, a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. Wadda aka zare sautin inji bai canza ba, ita ce ba ta aiki.

2. Wuta

A kwance fulogi a dube shi. Baƙi busasshe alamar mai ya yi yawa ne. Jiƙaƙƙe da fetur, wuta ba ta zuwa. Mai maiƙon baƙin mai, a zargi ringi ko sil ɗin bawul. Sannan a yi musaya: a kai koyil na silinda ta 3 zuwa ta 1. Idan misin ya bi shi, an kama ɓarawo. Idan bai bi ba, a musanya fulogi. A mai distiributa, a duba murfin ko ya tsage, da wayoyin. Misin da ke tasowa da damina ko da sanyin safiya sau da yawa daga nan yake.

3. Mai da iska

A ɗora bakin dogon sukudireba a kan injekta, a kara kunne, mai lafiya tana ƙas-ƙas a jere. Ita ma ana musanya ta. Idan silinda duka ne, a auna ƙarfin fil famfo, a duba filta, a nemi tiyon da ya tsage yana shan iska, musamman idan P0171 ta fito. Kada a manta da man kansa. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol Nijeriya, ya lalata motoci da dama.

4. Matsi

A auna kowace silinda da geji, inji da ɗumi, totur a buɗe. Bambanci kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In ya hau, ringi ne. In bai hau ba, bawul ne. Idan biyu maƙwabta suka faɗi tare, a zargi gaskit na tof silinda.

Abin da ya same ni

A 2017 tsohuwar motata mai silinda huɗu ta yi wata uku tana misin da safe. Duk da karatun injiniyan da na yi, gaggawa ta sa na sayi fulogi da koyil huɗu, amma P0303 ta ƙi tafiya. Sai da na haƙura na auna matsi, na ga ta 3 ta gaza sauran, baƙin mai kuma bai ɗaga ta ba. Ashe bawul ɗin fitar da hayaƙi ne ya matse ba ya rufewa sosai, domin na yi shekaru ban sa an yi saitinsa ba. Aikin awa biyu da fila geji ya kawar da shi. Da na ƙara jinkiri, da bawul ɗin ya ƙone sai an sauke tof silinda.

Saboda haka idan aka bugo daga gida, kafin ka sayi komai ka yi tambaya uku: wace silinda ce, an yi musaya, kuma nawa matsin ya nuna? Idan makanike bai da amsa, a fara biyan kuɗin awo tukuna. In an tabbatar, a turo lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da hoton tsohon kayan, don kada a sayo wanda ba zai shiga ba.

Allah Ya tsare mu da asara, Ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.