Ciwon da Awo Ba Ya Gani: Jiki da Damuwa a Sabon Ibadan

A shekarun 1962 da 1963 masanin zamantakewar al'umma Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda Turawan mulki suka keɓe wa Hausawa tun 1916, ya kuma fitar da littafinsa a kanta a 1969. Fataucin shanu da goro da siyasar masu gida ne suka fi ɗauke masa hankali. Amma ya lura da wani abu da ya cancanci a sake dubawa: yayin da mazan unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a shekarun 1950, suka ware masallacin Juma'arsu, bori bai mutu ba, ya zama harkar mata. Matar kulle idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ce iska ce.

Shekara biyu bayan fitowar littafin Cohen, wani masanin, I. M. Lewis, ya yaɗa ra'ayin cewa irin wannan kamu makamin marasa ƙarfi ne. Macen da ba ta da ta cewa a gida, in iska ta hau ta, dole miji ya sayi turare da zane, ya yanka kaza, ya saurara. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai mai karatu na gaggawa yakan fita da zaton cewa matar dabara take yi, kuma wannan zaton zalunci ne. A ganina ciwon na gaske ne, kuma yana zuwa ne daidai inda aka toshe wa mutum kowace ƙofa ta magana.

A duba matsayin amaryar da aka kawo Sabo daga ƙasar Kano ko Sakkwato. A gida, idan zama ya yi tsami, tana da yaji: ta ɗauki mayafi ta tafi gidansu, iyaye su zauna, miji ya zo biko, a faɗa masa laifinsa a gabansa. Yaji kotu ce ƙarama da al'ada ta gina wa mace. A Ibadan gidan iyaye yana can nisan ɗaruruwan kilomita, kuɗin mota kuwa a aljihun wanda ake ƙara yake. Maƙwabta 'yan'uwan miji ne ko yaran mai gidansa. Bayan katanga gari ne na wani harshe. Kunya ta hana ta faɗa wa uwar miji, an kuma rene ta da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk wanda ta tunkara da kuka, kalma ɗaya zai ba ta: haƙuri. To sai kai ya fara sarawa, barci ya ƙaurace, ƙirji ya riƙa bugawa da dare, gaɓoɓi su mutu. In an tambaye ta, sai ta ce, «Jikina ne ba daɗi.» Wannan kowa zai karɓa. A ɗauke mata girki, a aika wa mahaifiyarta, wataƙila ma a ce ta je gida ta sha magani. Abin da baki bai isa ya roƙa ba, ciwo ya samo mata, ba tare da ta shirya ba.

Kuskure ne a mai da abin na mata kaɗai. Mai gidan da Cohen ya siffanta shi ke tsaya wa mahautan Yarabawa su ɗauki shanun fataken Arewa bashi, mutuncinsa shi ne jinginar. In mahauci ya ƙi biya, shi zai kwana da nauyin. Babban mutum ba ya cewa tsoro yake ji. Sai ya ce gyambon ciki ya taso, ko jiri na ɗibarsa, ya aika wa malam a yi masa rubutu.

Ibadan da kewayenta sun daɗe a tsakiyar binciken yadda damuwa ke fitowa ta jiki. A asibitin Aro na Abeokuta, inda Adeoye Lambo ya fara kwantar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauye tare da danginsu a 1954, Raymond Prince ya bayyana a 1960 yadda ɗalibai ke kukan zafin kai da dushewar gani saboda nauyin karatu. An daɗe ana ɗaukar haka a matsayin halin baƙar fata, wai ba mu iya faɗin damuwa ba sai ta jiki. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 14, wanda Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan yake cikin masu gudanar da shi, ya rushe wannan zato. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna cewa kashi 69 cikin ɗari na masu ciwon damuwa mai tsanani kukan jiki kawai suka kai wa likita, kuma adadin ya tashi daga kashi 45 a wata cibiya zuwa 95 a wata. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda bambancin ya fito: kukan jiki zalla ya fi yawa a wuraren da mara lafiya ba shi da likita ɗaya da ya saba da shi. Ashe ba al'ada ce kaɗai ke rufe baki ba, rashin sabo ma yana rufe shi.

Ba na cewa ciwo mafita ce mai kyau. Hutun da yake saye gajere ne, tsadarsa kuwa babba: kuɗin awo, ƙwayoyin kashe zafi da ake sha ba ƙa'ida, yawon masu magani, kishiya na nan, bashi na nan. Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, a ce wa mai hawan jini ko ƙarancin jini na gaske «tunani ne kawai», a sallame shi. Yau ruƙiyya ta karɓi mafi yawan aikin da bori yake yi, amma tambayar da ake yi ba ta sauya ba: wane aljani ne, daga ina ya zo? Ba kasafai ake tambayar me ke faruwa a gidan ba.

A asibiti ma akwai shinge. Bahaushiyar da ba ta jin Yarabanci ko Turanci sosai tana buƙatar tafinta, kuma tafintan yawanci wanda ya rako ta ne: miji, ko ƙaninsa, ko ɗanta ɗan makaranta. Ko da likita ya tambayi ko akwai abin da ke damunta, amsar ta bakin mutumin da take jin kunya za ta bi, wani lokaci ta bakin wanda shi ne damuwar. Ma'aikaciyar jinya ɗaya mai jin Hausa, wadda za ta ce wa ɗan rakiya ya ɗan jira a waje, tana cikin abin da shugabannin Sabo za su iya nema daga hukumomin lafiya na Jihar Oyo, kuma kuɗinta bai kai na awon da ake ta maimaitawa ba.