Daga Jirgin Dufuna Zuwa Gandun Nimbiya: Tarihin Zaɓen Itacen Hawa Ruwa

Gabatarwa

Akwai wani wasan ruwa da ya samo asali daga tsibiran Hawayi, wanda mutum ke tsayawa a kan dogon allo yana tuƙa shi da filafili. Daga farkon shekarun 2000 wasan ya bazu cikin duniya, har masu sha'awarsa suka shiga ƙera allunansu na katako a gida. Duk wanda ya ɗauki wannan aiki, tambayar farko da ke tare shi ita ce, da wane itace zai yi? Matashin da ke zaune a Kafanchan zai iya ɗauka cewa sai Turawa ne ke da amsar. Alhali kuwa tambaya ce da masassaƙan ƙasarmu suka shafe dubban shekaru suna amsawa, kuma tarihin dazuzzukan kudancin Kaduna yana da abin cewa a kanta.

Jirgin Dufuna

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani gungume a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga jirgin ruwa mai tsawon fiye da mita 8. Bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato shi ne jirgi mafi tsufa da aka gano a Afirka. Da itacen dangin maɗaci aka sassaƙa shi, tun kafin a san ƙarfe.

Wanda ya sassaƙa jirgin nan bai faɗa wa itacen da ya fara gani ba. Ya zaɓi mai kauri, miƙaƙƙe, mai jure ruwa, sa'an nan ya rarake shi har bangonsa ya zama siriri don ya rage masa nauyi. Ashe tun a wancan zamani an gane cewa abin hawa ruwa yana bukatar abu biyu da ba su cika haɗuwa a itace ɗaya ba, wato ƙarko da rashin nauyi.

Ƙarfe Da Sanin Itace

Farfesa Peter Breunig, wanda ya yi aikin Dufuna, shi ne kuma daga 2005 ya jagoranci bincike a kan al'ummar Nok, wadda ta samo sunanta daga ƙauyen Nok na ƙasar Jaba a kudancin Kaduna. Mutanen Nok suna narka tama tun kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Samuwar ƙarfe ita ta ba masassaƙi gatari da gizago, ta kuma buɗe masa ƙofar itatuwan da dutse ba ya iya sarawa.

Ƙasar nan ta gindin duwatsun Kagoro ta fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, saboda haka take da kurmi da manyan itatuwa. Sai dai rafukanta masu duwatsu ne da gangare, kamar yadda ruwan Matsirga ke nunawa, don haka manyan jirage sun fi zama sana'ar Sarkawa da Nufawa na bakin Kwara. Duk da haka sanin itace ɗaya ne. Masassaƙi ya san kirya ta taɓarya ce da gawayin maƙera, don taurinta. Ya san maɗaci na turmi ne da jirgi mai daɗewa. Ya san maje yana da sauƙin sassaƙa. Ya san rimi ba shi da nauyi, yana tashi a kan ruwa kamar gorar masunci, amma ba ya jimawa ruwa da ƙwari suke cinye shi.

Zuwan Jirgin Ƙasa Da Baƙin Itatuwa

A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar Fatakwal zuwa Kaduna ta yi reshe zuwa Jos. A 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a garin. Jama'a ta ƙaru, gine-gine suka yawaita, ga kuma ma'adinan kuza na Filato suna cin itace. Zarto ya fara ture gizago, gungume ya koma falankin katako.

Ganin yadda daji ke raguwa ya sa hukuma ta killace gandaye, ta kuma shigo da baƙin itatuwa masu saurin girma daga Asiya. A 1957 aka kafa gandun dajin Nimbiya a ƙasar Jama'a, aka dasa itacen tik. Haka kuma malaina ta bazu a gandaye da gefen hanyoyi, har ta zama katakon yau da kullum a wurin kafintocin yankin.

Abin da ake gudu bai gushe ba. A cikin shekarun 2010 aka yi wa maɗobiya saran kawo wuƙa a sassan Nijeriya don kai wa ƙasar Sin, har ta kai a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Itacen da ya shekara hamsin yana girma, injin sara kan kayar da shi kafin a gama shan fura.

Darasi Ga Mai Ƙera Allo

Mutanen Hawayi ma sun sha irin wannan gwagwarmaya da nauyi, har sai da wani Ba'amurke, Tom Blake, ya ƙera allo mai rami a ciki, ya yi masa rajista a 1932. Dabararsa ita ce ta masassaƙin Dufuna, wato a rage nama a bar fata. A yau akan haɗa haƙarƙari da filawud, a lulluɓe shi da siraran katako masu kaurin milimita 6 ko ƙasa da haka, a shafe da gam mai hana ruwa shiga. Tsawon allon kan haura mita 3.

To, a kasuwar katako ta Kafanchan wanne za a ɗauka? Maɗaci ya yi nauyi, don ya kusa ninka malaina, kuma ya yi ƙaranci a daji. Tik yana jure ruwa, amma yana da nauyi da maiƙon da ke hana gam kamawa sosai, sai dai a yi gefe da shi. Rimi kuwa idan ruwa ya sami ƙofa ko ta allura ce, ya gama da shi. Malaina ce ta tsaya a tsakiya. Ba ta da nauyi, ba ta cika karkacewa ba, tana karɓar gam, kuma dasa ta ake yi. Aibinta shi ne jinkirin bushewa, saboda haka sai a yanka ta sirara, a jera a inuwa iskar hunturu ta ratsa ta. Wanda ya yi gaggawar haɗa ɗanyen katako, damina ɗaya za ta buɗe masa aikinsa.

Kammalawa

Masu iya magana na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wasan baƙo ne, amma ma'aunin zaɓen itacensa yana hannun tsofaffin masassaƙanmu, waɗanda ke ƙarewa ba tare da an rubuta abin da suka sani ba. Ya kamata ɗaliban Hausa su je gare su, su tattara sunayen itatuwa da halayensu cikin Hausa da harsunan Bajju da Atyap da Ham. Wanda kuma ya yanka malaina ɗaya don allonsa, ya dasa biyu kafin damina ta wuce.