Daga Kunun Jego zuwa Ƙunshin Gyaɗa: Tarihin Ciyar da Uwa da Ɗa a Ƙasar Magariya

Tun kafin a san likita ko ƙungiyar agaji a ƙasar Magariya, Bahaushe yana da tsarinsa na kula da mace mai ciki da mai jego. Idan cikin fari ya tsufa, akan mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. In ta sauka lafiya, sai ta shiga wankan jego na kwana arba'in, ana dama mata kunun kanwa, ana gasa mata nama da yaji, miji ya kawo ƙauri da itace da hatsi, 'yan'uwa da maƙwabta su zo barka da ɗan abin hannunsu. Ko da yake likitocin zamani sun nuna illar yawan kanwa da ruwan zafi ga zuciyar mai jego, manufar al'adar a fili take: abincin jariri yana jikin uwarsa, saboda haka ita ake fara ciyarwa.

Sai dai wannan tsari a kan rumbu ya dogara. Muddin akwai gero a rumbu, akwai kuɗi a aljihu, al'ada tana tafiya daidai. Tun daga shekarun 1930 gyaɗa ce ta riƙe aljihun manomin Magariya, har yankin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren nomanta a Nijar. Bayan samun mulkin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta da fitar da ita waje. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki. Yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da aka yi a wannan shekara, ta ƙara dagula al'amari ga jama'ar da kasuwancinsu da zumuncinsu suke haɗe da Daura da Kano. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na tsukewa wajen rabon gado, rumbu kuma ya riƙa ƙarewa tun damina ba ta yi nisa ba. A daidai wannan lokaci ne mace take fita noma da goyo a bayanta, kuma a lokacin ne sauro yake yawaita.

Shekarar 2005 ita ce ta tona asirin abin da aka daɗe ana gani ana kau da kai. Ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004 sun rage amfanin gona, farashin gero ya yi tashin da talaka bai iya kai wa gare shi, alhali kasuwanni cike suke da hatsi. Da farko hukuma ta tsaya a kan sayar da hatsi da rangwame, Shugaba Tandja Mamadou ya ma musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, sai a watan Agusta aka shiga rabon abinci kyauta. A wannan shekara ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, kuma a shekarar ce ta fara aiki a Magariya.

Abin da ya sa aka iya jiyyar yara masu yawa haka shi ne wani ɗan ƙunshi mai suna Plumpy'Nut, wanda likita André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce aka haɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta, don haka uwa tana iya ba ɗanta a ɗakinta, ba sai an kwantar da su ba. Abin lura a nan shi ne, gyaɗar da ƙasar Magariya ta yi shekara arba'in tana aikawa Turai, ita ce ta dawo a ƙunshe ta zama maganin jikokin manomanta.

Daga 2006 gwamnati ta shelanta kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, tare da awon ciki da tiyatar haihuwa, ko da yake jinkirin biyan kuɗin ya sha barin gidajen likita ba magani. A 2011 aka cire Dungas daga Magariya ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A 2013 aka soma ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina, Magariya na cikin wuraren farko. Duk da haka, a watan Satumba na 2018 MSF ta bayyana cewa kimanin yara 10 suke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magariya, inda aka kwantar da fiye da 700 a lokaci guda. Wannan ya tabbatar da cewa jiran yaro ya rame kafin a taimake shi bai isa ba.

Saboda haka hankali ya karkata ga kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. A Mirya, maƙwabciyar Magariya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da wata 'yar igiya mai launi uku, su gane tamowa tun ba ta yi ƙarfi ba. A 2018 ƙungiyar CRS ta buɗe shirin Girma a Magariya da Dungas da kuɗin hukumar USAID ta Amurka, inda aka haɗa lafiyar uwa da ɗa da noma da tsabtataccen ruwa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe wannan hukuma, abin da ya tuna mana cewa taimakon baƙo yana da ranar ƙarewa.

Ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, aikin da ya rage a bayyane yake. Ilimin zamani ya dawo kan abin da kakanninmu suka sani, cewa da uwa ake farawa. Wake da gyaɗa da zogale da kuka duk suna tsirowa a ƙasar nan. Abin buƙata shi ne a gyara al'adar jego, a rage kanwa, a daina zubar da nonon farko, a bar yarinya ta girma kafin ta ɗauki ciki, maigida kuma ya ware wa mai ciki da mai shayarwa rabonsu tun ranar da aka ɗaure damin gero, kafin a kai saura kasuwa.