Wuta da Kuloci: Yadda Gyaran Babur Ya Sauya a Ƙasar Gaya da Ajingi

A Gafasa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kowane babur na jeji ne. Ko da kamfani ya ƙera shi don titin birni, da zarar ya shigo ƙasar Ajingi sai ya koma cin rairayi da rani, taɓo da damina, ga buhun gero ko na gyaɗa a ɗaure a baya, wani lokaci har da mai buhun a zaune a sama. Girgizar hanya tana tsinka waya, nauyi da rairayi suna ƙona kuloci. Shi ya sa mu kanikawan babur na wannan yanki yawancin abincinmu daga waɗannan biyun yake fitowa. A Gaya na koyi sana'ar, a hannun dattawan da suka fara ta, kuma na ga yadda ta juya daga gyara ta koma canji. Wannan juyin ne nake so in ba da labarinsa.

Zamanin kwantak

Iyayen gidanmu na farko masu gyaran keke ne. Da faci da ɗaurin sarƙar Raleigh suka fara, har babur ya iske su a gindin bishiya. Abin da ya yawaita shi kuwa shi ne kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975. Malamin firamare, malamin asibiti, akawu, kowa ya nufi Kano ya dawo da Honda ko Suzuki ko Yamaha, masu son ado kuma suka ɗauko Vespa. A lokacin a cikin ƙasar nan ake haɗa da yawa daga cikinsu: Boulos yana haɗa Suzuki a Legas, Yamaco na John Holt yana riƙe da Yamaha, Honda kuma ta kafa kamfaninta a 1979, da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun.

Wutar baburan wancan zamani a fili take, ana ganin ta da ido. Idan aka cire murfin maganeto za a tarar da kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa yayin da inji ke juyawa, kuma duk buɗewa ɗaya tartsatsi ɗaya ne a bakin filogi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita 0.3 zuwa 0.4 ba. In ta yi yawa ko ta yi kaɗan, lokacin wuta ya goce, babur ya riƙa tari ko ya mayar da kik ya doki ƙafar mai shi. Maigidanmu yakan zare takardar cikin kwalin sigari ya saƙala tsakanin ƙarafan, ya riƙa juya maganeto a hankali da hannu ɗaya yana jan takardar da ɗaya hannun. Daidai inda ta suɓuce, nan kwantak ya buɗe, sai ya duba ko alamar jikin maganeto ta yi daidai da ta jikin inji. In bakin ƙarafan ya ƙone ya yi ƙuraje, ya san kwandensa ce ta gaji. Zai goge su da 'yar sanfefa, ya canja kwandensa kaɗai, babur ya tashi bugu ɗaya. Yaro ba ya samun izinin taɓa sifana a wancan garejin sai ya iya faɗin dalilin da ya sa babur ya ƙi tashi.

Baburan malaman gona

A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar bunƙasa aikin gona ta KNARDA da tallafin Bankin Duniya, malaman gona suka bazu cikin karkara a kan babura. Daga baya ma'aikatan lafiya da na rigakafi suka biyo sahu. Ta hannun irin waɗannan ma'aikata da ƙungiyoyin agaji ne karkarar Arewa ta san baburan jeji na ainihi, masu dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, irin su Yamaha DT da AG, da Honda XL, da Suzuki TS. Inda sauran babura ke nutsewa a rairayi, su wucewa suke yi. Idan aiki ya ƙare aka yi gwanjonsu, sai su faɗo hannun manoma da fatake da dillalan dabbobi masu bin kasuwanni har zuwa karar Wudil ranar Juma'a.

Sai ga tsarin SAP na gwamnatin Babangida a 1986. Naira ta faɗi, sabon babur ya gagari ma'aikaci, kayan gyara na asali suka yi tsada, na baburan jeji kuwa suka ɓace ɗungurungum. Wannan matsin shi ya fito da gwanintar kanikawanmu. Kwayil ya ƙone, babu sabo, sai a warware tsohuwar wayar ana ƙirga zagayenta, a naɗa sabuwa daidai adadin, a shafe ta da gam. Wayar kuloci ta tsinke, sai a nemo ta wani babur a yanke, a narka dalma a yi mata kai. Ba a jefar da komai. Kowane gareji yana da tsohuwar garwa cike da gutsattsarin ƙarfe, kuma maigida ya san abin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Jincheng da araha

Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin suka cika ƙasa, mafi yawa ta hannun 'yan kasuwar Nnewi. Jincheng, wanda aka kwaikwayo daga Suzuki AX100, shi ya zama dokin 'yan acaɓa. Wasu kamfanonin kuma suka kwaikwayi injin Honda CG125, wanda tun 1975 aka ƙera shi musamman don ƙasashen da ba a cika yi wa inji sabis a kan lokaci ba. Babur ɗin da ake kira roba-roba ya shigo, sannan Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya ƙwace karkara saboda ƙarancin shan mai da jure kaya. Talaka ya hau babur, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa. Mai naƙuda da a da ake ɗauka a amalanke ta samu abin da zai kai ta asibitin Gaya cikin lokaci.

Amma tare da waɗannan baburan, CDI ya maye gurbin kwantak. Ɗan baƙin akwati ne a toshe, ba a buɗe shi, ba a gyara shi, in ya mutu sai dai sabo. Ya fi kwantak ƙarko, ba ya buƙatar saiti, sai dai ya ɓoye wutar daga idon bakanike. Ga shi kayan gyara sun yi araha a 'Yan Babura ta Fagge da Sabon Gari, har sun iso shagunan Gaya da Ajingi. Sai yaran da suka shigo sana'ar a wannan lokaci suka tashi da wata ɗabi'a: babur ya ƙi tashi, a canja filogi, bai tashi ba, a canja CDI, bai tashi ba, a canja kwayil. Mai babur yana biya, har a dace da abin da ya lalace. Araha ba ta ado, kuma a nan ta ci mana ilimi.

Bayan 2013

A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano. A Daidaita Sahu ta gaji aikin, baburan kuma suka gangaro karkara, wasu tare da masu su, wasu ta hannun dillalai. Babura ne da suka sha wuya, an yanka wayoyinsu an ƙulla ba adadi, an liƙa musu fitilu masu walƙiya da ƙaho iri-iri. Tun daga nan babur na hannu ya zama shi ne babban aikinmu, kuma a kansa ne ake gane wanda ya iya da wanda ke canki-canki.

Ga yadda dattawa suka koya mana, kuma har yau bai tsufa ba. Inji yana son abu uku: mai, matsi, da wuta a kan lokaci. Ka fara tabbatar da mai yana sauka kafireta, ka ji nauyin kik a ƙafarka, sannan ka juya ga wuta. Cire filogi, mayar da shi cikin hularsa, jingina shi da jikin inji, buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara lafiya ne. Ja mai rauni, ko babu sam, sai ka bi hanyar wutar da baya, gaɓa bayan gaɓa: hular filogi, kwayil na sama, CDI, sannan kwayil ɗin cikin maganeto. Kafin ka zargi ko ɗaya, zare wayar kashe inji daga jikin CDI, wadda a tsarin Honda da 'yan kwaikwayonsa baƙa ce mai ratsin fari. Sau da yawa makulli ne ruwa ya shiga, ko wayar ta goge a wuyan babur tana taɓa ƙarfe, wuta tana zurarewa. Duba kuma wayar bodi, koriya a wannan tsarin, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur; tsatsa kaɗan a ƙarƙashin notinta ta isa ta sa a sayi CDI a banza.

Wasu alamomin suna faɗin kansu. Babur da ke tafiya lafiya, in ya yi zafi ya mutu, ya huce ya tashi, kwayil ne ke tsinkewa a ciki idan ya ɗumama. Wanda ke ƙona ƙwan fitila duk lokacin da aka ja totur, rektifaya ce ta daina daidaita wuta. Mita a kan batir ya kamata ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5 idan inji yana gudu. Wanda kuma ke da wuta mai kyau amma yana harbin kik, a cire maganeto a duba ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a kan sandar inji. In ya karye, maganeto ya zame, wuta tana zuwa ba a kan lokaci ba, kuma ko CDI goma aka canja ba zai tashi ba.

Kuloci

Ciwon kuloci iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Akwai zamewa: inji yana kuka, babur ba ya gaba, musamman a rairayi ko da kaya. Akwai kamawa: ka matse hannun kuloci amma babur yana jan jiki, giya tana shiga da ƙara, firi ya ƙi samuwa. Duka biyun a fara da waya. Hannun kuloci yana buƙatar ɗan sako-sako na milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa kafin ya fara ja. In an ɗaure shi tamau, faifan ba sa haɗuwa sosai, sai su zame su ƙone. In ya yi sake da yawa, ba sa rabuwa. Kuloci da yawa da aka buɗe a garejinmu, juya noti ɗaya kawai suke buƙata.

An taɓa kawo mana wani tsohon DT da aka saya a kasuwa, mai shi yana murna don hannun kulocin da tauri, dillali ya ce masa alamar sabo ce. Da muka kwantar da shi muka buɗe murfi, sai ƙaurin ƙuna ya bugi hanci. Ƙarƙashin kowane sifirin an cusa wosha biyu don a ƙara matsi a ɓoye zamewa. Faifan faiba sun cinye sun yi sulɓi, na ƙarfen sun yi shuɗi saboda zafi. Muka ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashi, biyu suna rawa, sun lanƙwashe. Haƙoran gidan kuloci kuma sun yi tsaga-tsaga inda faifan ke bugu, abin da ke hana su rabuwa ke nan. Muka goge tsagar da zarto mai laushi, muka jiƙa sababbin faiba cikin baƙin mai kafin ɗaurawa, muka sa sifirin sababbi, muka zubar da woshoshin.

Baƙin mai ma yana da nasa laifin. A Boxer da sauran injuna irinsa, man da ke cikin inji shi ne kuloci ke wanka a ciki. Man mota na zamani yana ɗauke da sinadarin ƙara santsi, wanda ke sa faifai zamewa. Saboda haka ne Japan ta fitar da ma'aunin JASO na man babur a 1998, kuma alamar MA a jikin galan ita ke nuna man ya dace da irin wannan kuloci. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba wanda ya san asalinsa. Sai kuma hannun mai tuƙi: wanda ke riƙe rabin kuloci yana jan totur don ya fita daga rairayi, da kansa yake ƙona faifansa. A sauka a giya ta ɗaya ko ta biyu, a saki kuloci gaba ɗaya, in kaya sun yi yawa a rage.

Inda muke yau

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta sake faɗuwa, kayan gyara sun daina araha, jabu ya yi yawa, sabon babur ya koma sai mai hali. Mun dawo kusa da inda muke bayan 1986, sai dai dattawan da suka iya naɗin kwayil sun ragu ƙwarai. Manomin da ya sayar da buhun wake don ya gyara babur ba shi da ƙarfin biyan kuɗin gwaji. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohuwar zumarmu ita ce bin diddigin cuta kafin a taɓa aljihun mutum.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu gareji daga Gaya har Ajingi da Gafasa: kowa ya ajiye mita a akwatinsa, ya koya wa yaransa karanta ta, kada ya yaye yaron da bai iya bin waya daga filogi zuwa maganeto ba. Kai kuma mai niyyar sayen babur na hannu, ka tafi da bakanikenka kasuwa. Ku taɓa inji ku tabbatar da sanyi kafin a tayar, ku ɗaga kujera da tanki ku ga wayoyi, ku hau shi da kaya cikin rairayi ku ji kuloci. In dillali ya ƙi yarda da wannan, ka riƙe kuɗinka ka ƙara gaba.