Kumburin hanji mai daɗewa: ƙarin abincin da ke maido da jikin wanda ya rame

Akwai wani zawo da ba ya jin maganin zawo. Yakan zo da jini ko majina, ya lafa wata biyu, ya sake dawowa, mutum na ta zubewa. A ƙauye sai mu ce atuni ne ko basir, wasu ma su ce sammu. Sau tari atunin ne, ko tarin fuka da ya sauka cikin hanji. Amma wani lokaci garkuwar jiki ce da kanta ke cin bangon hanji har ya yi gyambo. Lokotoro sun kasa wannan ciwo gida biyu: cutar Crohn, mai sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1932, wadda ke iya kama ko'ina daga baki har dubura, da kuma kolit mai gyambo, wadda ke tsayawa a babban hanji. Ba a rarrabe su da ido, sai an leƙa hanji da na'ura, galibi a manyan asibitoci irin na Yamai. Kuma lalle a bincika tarin fuka tukuna, don maganin kumburi irin su prednisolone na iya hura wutarsa.

Ramar tana shigowa ta ƙofa uku. Maras lafiya na gudun abinci don da ya ci ciki ya murɗa. Abin da ya ci hanji bai tsotse shi da kyau. Ga jini da sinadaran gina jiki na bin zawo. Lokacin da ciwon ya tashi, babba na buƙatar furotin gram 1,2 zuwa 1,5 a kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 50 ke nan gram 60 zuwa 75, alhali ƙwai guda gram 6 ne kawai. Wanda loma uku ke gundura, ina zai kai?

Nan ne ƙarin abinci na sha ke shigowa, irin su Fortimel, Fresubin ko Ensure da ƴan uwa ke aikowa daga Faransa ko a saya a farmasi. Ana kurɓar su kaɗan-kaɗan tsakanin cin abinci, ba a madadinsa ba, kuma galibi mutum kan iya ƙara kalori wajen 600 a yini ba tare da ya rage tuwonsa ba. Wuri guda ne abincin ruwa ke zama magani: yaro mai Crohn akan ɗora shi a kansa shi kaɗai sati 6 zuwa 8, kumburin ya kwanta. Wannan aikin likita ne, kuma bai yi wa mai kolit.

Tsadarsu ba wasa ba ce. In hali bai kai ba, kunun gyaɗa da aka tace, ƙwai, kifi, romon kaza, nono mai tsami da ɗan mai cikin koko suna yin aiki sosai in ana ba da su sau biyar ko shida a yini. Madarar gari kan ƙara wa wasu zawo, a gwada a gani. Wanda aka ce hanjinsa ya tsuke, ya ja baya da dusa, kwaɗon zogale da ɓawon wake, kada su toshe hanyar.

Mu kam a ganinmu, ɗan uwa da ke waje gara ya fara biyan kuɗin awon jini kafin ya cika kwali da gwangwanaye. Awon ne ke nuna abin da ya ƙare a jiki. Ƙarancin sinadarin ƙarfe shi ya fi yawa. Ƙwayarsa na baƙanta bayan gida kuma takan tada cikin wasu, shi ya sa in ciwon na kan ganiyarsa ko jini ya yi ƙasa da gram 10, an fi son a ba da shi ta jijiya. Bitamin B12 a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse shi, inda Crohn ta fi zama, don haka wanda aka yanke wa wurin sai allura. Mai shan prednisolone na son kalsiyom da bitamin D saboda ƙashi, mai shan sulfasalazine kuma asid folik. Ibuprofen da diclofenac da ƴan tebur ke sayarwa, a bar su, suna iya tada ciwon.

Sai batun Plumpy'Nut, tun da duk mun san shi a Maraɗi da Damagaram tun yunwar 2005. Leda guda gram 92 ce, kalori 500, amma a CRENAS da lissafin nauyin yaro mai tamowa ake ba da ita. Duk ledar da aka karkatar wa babba, daga bakin wani yaro aka cire ta.

Wanda ya yi kwanaki bai ci komai ba, ko ya rame ƙwarai, kada a ɗura masa abinci mai ƙarfi tashi guda. Gishirin jini irin su fosfat da potasiyom kan faɗi farat ɗaya, zuciya ta rikice. Irin wannan a gadon asibiti ake fara ciyar da shi, da ɗan kaɗan, ana ba shi bitamin B1, ana auna jininsa a kwanakin farko.